Hular Farfesa

Litinin, 3 ga Maris

Ni ne Farfesa, masanin cikin ɗan Adam, wanda ya ƙera idon da ke shiga inda ido bai taɓa shiga ba. Manyan likitoci na bin layi a ƙofata, ina ce musu su dawo gobe. Na fara wannan kundi ne don tausayin masu tarihi, kada su sha wahalar nemana bayan raina.

Yau da safe mataimakina, wanda nake kira Yaya a gaban mutane don kada ya ji ba daɗi, ya aike ni sayen batir da burodi. Na je. Girma sai da tawali'u.

Ga yadda ma'aikatata take. Ɗaki biyu ne a ƙasan bene, tsakanin mai guga da mai shayi. A ɗakin gaba ake jibge kayan asibitin da aka kawo gyara: na'urar awon jini, fitilun ɗakin tiyata, ma'aunin jarirai. A nan Farfesa ke shara da naɗe wayoyi. A ɗakin ciki kuwa akwai Macijiya. Ni na raɗa mata sunan. Tsohuwar kyamarar leƙa ciki ce da wani asibiti ya yar, Yaya ya tashe ta. Doguwar baƙar roba ce mai lanƙwasa, a kanta akwai ido kamar ƙwayar wake da 'yar fitila. Likita ya zura ta cikin mutum, duk abin da ta gani ya fito a allon talabijin.

Ciwonta ɗaya ne. Da ta shiga ɗumi sai idon ya yi hazo, kamar madubin da aka hura wa numfashi. Likita ya tsaya wanke ido, mai ciwo na kwance yana jira. Shekara huɗu Yaya yana ƙera mata hular da za ta hana wannan. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai murfin biro ba. Yau ya ce ta yi.

Na ce, “Alhamdu lillahi, mun yi ƙoƙari.”

Ya ce, “Mun?”

Alhamis, 6 ga Maris

An gwada hula. Yaya ya huda kankana ya ƙwaƙule cikinta, ya zuba ruwan zafi, ya zura Macijiya kai babu hula. Allo ya yi fari fat. Ya zaro ta ya sa mata hula ya mayar. Wallahi har 'ya'yan kankanar sai ka ƙirga su. Yaya da ba ya ɗaga murya sai ga shi yana buga tebur. Ni na ci abin da aka ƙwaƙule, kowa da gudummawarsa.

Saura takarda. Ya ce akwai ofishin gwamnati da ke ba mutum takardar mallakar abin da ya ƙirƙira. In ka samu, ba mai ƙera irinsa sai da izininka, kuma sunanka ne a kai har abada. Akwai wata Lauya da za ta shigar masa, sun yi da ita Juma'ar mako mai zuwa.

Matsalar Yaya, in ya ga baƙo harshensa ɗaurewa yake. Shi ya sa ya rubuta bayanin hular yana ta karantawa da ƙarfi, yana kai da komo. Ni kuwa makarantar allo ba ta bar ni da komai ba sai kunne. Abin da na ji sau uku ya zauna, ko na gane ko ban gane ba. Sai na naɗe ƙafa a kan benci, na fara rangaji, na jawo masa shi da muryar tilawa: zoben siririyar waya kewaye da gilashi, mai ɗumama shi daidai da ɗumin jiki, da ramuka uku a gefe masu karkata, masu janye ɗigon ruwa... har kaurin wayar da yawan karkatar, ban ci harafi ɗaya ba.

Ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ga haƙoransa na ciki tun kafin rasuwar Baba.

Da ya nutsu ya ce, “Auta, abin nan sirri ne har sai an kai takarda. Kada ya fita.”

Na ce, “Haba Yaya, Farfesa ne fa.”

Asabar, 8 ga Maris

Na sa wa mai guga ƙadangaren roba a aljihun wata riga. Ya yi tsalle ya ambaci kakarsa. Rana ta yi kyau.

Litinin, 10 ga Maris

Yaya ya tafi wani asibiti na bayan gari gyaran injin haskawa, sai yamma. Mabuɗin ɗakin ciki yana inda yake kullum, a cikin gwangwanin kusoshi.

Abokina Dogo ne ya fara. Shi ke riƙe min waya in ina bidiyon barkwanci. Ya ce, “Mutumina, kullum Farfesa baki ne kawai. Yau ka nuna wa duniya kayan aiki mana.”

Na ari farar rigar wani mai magani a wurin mai guga, na sa tabarau mara gilashi. Muka ɗauko Macijiya da allonta muka kai teburin mai shayi. Na fara da Dogo. Iya bakinsa na leƙa, na dubi allo na girgiza kai na ce babu komai a ciki sai gulma, kuma ta yi jijiya. Sannan na duba butar mai shayi na ce tana da juna biyu. Mai shayi ya ce, “To Farfesa, wa ya yi?” Mutane suka zube.

Da na zura ta cikin tururin butar babu hula, allo ya yi fari. Na sa hula, ya washe. Nan fa aka daina dariya aka fara “kai!” Daɗi ya ɗebe ni. Na cire hular na kara ta a idon waya, na juya ta ciki da bai, na jawo karatun Yaya daga farko har ƙarshe, ina nuna kowane rami da tsinke. Na rufe da cewa, “Ni na ƙirƙira, a daren da nake jin yunwa.”

Kafin la'asar na ɗora bidiyon a intanet, na goge kayan na mayar inda suke. Ko ƙwarzane babu. Yaya ya dawo a gajiye, ya duba hularsa, ya ce, “Ka yi shara?” Na ce har da goge-goge.

Laraba, 12 ga Maris

Bidiyo ya tashi! Wayata ta yi zafi kamar dutsen guga. Mutanen da ban san garinsu ba suna rubuto min. Wani ya ce ya yi dariya har matarsa ta zata aljanu ne. Wani ya tambayi kaurin wayar, na ce ya sake saurara, ai na faɗa. Yaran layi na bina, “Farfesa, duba mana cikinmu!”

Yaya ba ya kallon irin waɗannan abubuwa. Wayarsa ta kira ce kawai da hotunan injuna. Na so in nuna masa, sai na ce bari a gama da Lauya tukuna, ya zama tukuici.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ni na riƙe masa akwatin har ofishin Lauya, hawa na uku. Yaya ya sa rigarsa mai ruwan toka, ya haɗa maɓallin wuya. A kan matakala yana ta motsa baki yana bitar bayaninsa.

Da muka shiga, Lauya ba ta dubi akwatin ba. Ni ta duba. Ta ce, “Kai ne Farfesa?”

Na yi murmushi na ce, “Ranki ya daɗe, an sanni ke nan.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗanta ne ya nuna mata jiya wajen cin abinci. Ta juyo wayarta ta kunna ta ajiye gaban Yaya. Muryata ta cika ɗakin. Ban taɓa jin munin muryata ba sai yau. Yaya ya kalla har ƙarshe, har wajen “ni na ƙirƙira”. Bai juyo ba. Kunnensa kawai nake gani.

Ta ce, “Injiniya, na gaya maka tun ranar farko. Ofishin gwamnatin nan sabon abu kaɗai yake ba wa takarda. Abin da aka riga aka bayyana wa duniya kafin a shigar da shi, ba sabo ba ne a wurinsu. Da wasan buta kaɗai ya yi, da da sauƙi. Amma ya karanta komai. Mai sana'a zai iya zama da bidiyon nan ya ƙera ta.”

Na ce, “Ai na mayar da ita! Ga ta nan a akwati, ko ƙwarzane babu.”

Ta ce, “Samari, ba hular ake mallaka ba. Bayanin da ka karanta, shi ne dukiyar.”

Ni duk a zatona ɓarawo Yaya ke tsoro, mai hannu da aljihu. Ban san ana sace abu da baki ba, kuma abin yana nan a ajiye.

Muka kama hanya. Ya karɓi akwatin ya riƙe da kansa.

Asabar, 15 ga Maris

Na goge bidiyon. Dogo ya ce, “Ka goge naka. Na mutane fa?” Ya nuna min shi a wurare da yawa, wani ma an sa masa kiɗa, wani an rubuta maganata a ƙasa da harshen da ban sani ba. Na ce ya san yadda za a janyo su duka. Ya ce in na iya mayar da tururi cikin buta, shi ma zai iya.

Na kusa marinsa. To a kan me? Bakina ne.

Talata, 18 ga Maris

Da ma dukana ya yi. Yaya na gaishe ni, yana ba ni aiki, yana cewa sannu. Sannu! Tun da nake bai taɓa ce min sannu da shara ba.

Mama ce ta yi faɗan. Ta same ni a tsakar gida ta ce, “Kai dai tun kana goyo bakinka ya riga ƙafarka tafiya. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, ɗan nan. Ka san dare nawa yaron nan ya kwana a kan benci?” Na ce wasa ne. Ta ce, “Wasa da abin wani? Ubanku ya tafi ya bar ka a hannunsa, shi ya kai ka makaranta, shi ya ɗauko ka da ka gudu. Haddar da aka sha wuya aka zuba maka a ka, ga inda ka kai ta.”

Ta tafi ta dawo ta ajiye min abinci. Ban ci ba. Daga baya na ci.

Juma'a, 21 ga Maris

Farfesa ba shi da lafiya. Kada masu tarihi su dame shi.

Litinin, 24 ga Maris

Lauya ta kira. Yaya ya sa wayar a tebur yana ɗaure wata fitila, don haka na ji komai. Ta ce akwai wata ƙofa, amma ƙunci gare ta, kuma ba ta yi alkawari ba. In aka nuna cewa wanda ya fallasa abin ya yi ne da gangan don ya cuci mai shi, cin amana ƙiri-ƙiri, to ofishin na iya kau da kai daga bidiyon. Sai dai a yi da wuri. Za a buƙaci rantsuwa a rubuce: Yaya ya rantse cewa ƙanensa ya ci amanarsa da mugun nufi. In ni ma na rantse na amsa, ya fi ƙarfi.

Yaya ya ce, “Na ji. Na gode.” Ya kashe.

Na ce, “Yaya, ai shi ke nan! Mu je gobe.”

Ya ce, “Miƙo min ƙaramar sukuddireba.”

Alhamis, 27 ga Maris

Na tafi ofishin Lauya ni kaɗai. Na tsara maganata tun a hanya, har da inda murya za ta yi rawa. Wannan ai sana'ata ce.

Na ce mata, “Ranki ya daɗe, na zo rantsuwa. Hassada ce ta sa ni. Na daɗe ina baƙin ciki da shi, na yi ne don in ga bayansa.”

Ta cire tabarau ta ce, “Ka iya. Har na kusa yarda. Gaskiya ne?”

Na ce, “In an rubuta ai ya zama.”

Ta ce, “Ba a nan ofishin ba. Kuma ka sani, takardar ba ta mutuwa. Sunanka da kalmar maci amana za su zauna tare a fayil, duk mai nema ya gani. Je ka turo min yayanka.”

A kan matakala na zauna. Na san hukuncin rantsuwar ƙarya, na haddace shi tun ina ƙarami, har bulalar da na sha a kansa ina tunawa. Sai na shiga laluben cikina ko zan sami 'yar hassada ko kaɗan, don rantsuwar ta halatta. Na samu wani abu, amma ba ita ba ce. So nake a kalle ni. Shekara huɗu kowa ya shigo shago cewa yake “ina Injiniya?”, ni kuma a ce “kai, kira min shi”. Ran nan a teburin mai shayi ni ake kallo. Wannan ba cuta ba ce a wurin ofishi. Sakarci ne, kuma ba a ba da takarda a kan sakarci.

Juma'a, 28 ga Maris

Lauya ta gaya masa.

Ya same ni ina naɗe waya. Ya rufe ƙofar gaba, abin da ba ya yi da rana. Ya ce, “Auta, tsaya ka dube ni. Ka yi don ka cuce ni?”

Na ce, “Yaya, ba wannan ba ce maganar...”

“Ka yi don ka cuce ni?”

“A'a.”

“To.”

Na ce, “Amma zan iya cewa haka ne. Wallahi zan iya, ba wanda zai gane.”

Ya ce, “Na sani. Kana iya cewa komai. Ciwon ke nan.”

Na ce masa ni ban damu da sunana ba, wa ya san ni, a rubuta abin da za a rubuta. Na ce shekara huɗu fa. Na ce ya tuna daren da fitilar walda ta ƙona masa yatsa. Na yi ta zuba. Ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ce, “In na sa hannu, duk ranar da na ga sunana a takardar nan, naka zan gani a ƙarƙashi. Me zan ce wa Mama? Me zan ce wa Baba in mun haɗu? Na sayar da ƙanena na sayi hula?” Ya buɗe ƙofa. “Je ka ɗauko ma'aunin nan na asibitin yara, sun ce ya sake karkacewa.”

Na so ya ce ya yafe. Bai ce ba. Bai kuma ce bai yafe ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

An sa sabon kwaɗo a ɗakin ciki. Mabuɗin yana aljihunsa. Na duba gwangwanin kusoshi duk da haka, ban san me ya sa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mai guga ya tambaye ni ko lafiya, wai kwana biyu bai tsinci komai a aljihu ba. Na ce ƙadangaren ya yi ritaya.

Talata, 13 ga Mayu

Na yi wani bidiyo. Babu farar riga, babu tabarau. Na tsaya gaban bango na ce hular nan ba ni na ƙera ta ba, yayana ne, ni ko waya ban iya haɗawa ba. Dogo na riƙe da wayar yana jiran inda dariyar za ta zo. Da na gama ya ce, “Shi ke nan?”

Waɗanda suka kalla ba su cika motar haya ba. Ɗaya ya rubuta: “Farfesa, ina ƙarshen? Ka saka kashi na biyu.” Wani ya ce tawali'un masana ke nan.

Lahadi, 1 ga Yuni

Wata likita da ta san aikin Yaya ta zo shago. Ta ce ya shigar da takardar haka nan mana, ko Allah zai sa. Ya ce Lauya ta duba ta ko'ina, in ba da rantsuwar ba, zubar da ƙarfi ne. Ta ce, “To rantsuwar fa?” Ya ce, “Babu ita.” Ta dube ni, na dubi tsintsiya.

Da dare yana shiga ɗakin ciki har yanzu. Ina jin ƙarar ɗan zarto. Ban san me yake yi ba, ban tambaya ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na daɗe ban rubuta ba. Lokacin da Lauya ta ce ƙofar za ta rufe ya wuce. Ba wanda ya ambata a gida. Mama ta dafa abin da Yaya ya fi so, shi ke nan.

Talata, 7 ga Oktoba

Wani dillalin kayan asibiti ya shigo da kwali. Mai tumbi, mai yawan magana. Ya ce ya sayo wasu sababbin huluna na kyamarar leƙa ciki, wani asibiti na so, amma sun ƙi zama daidai a kan kyamararsu, ko Injiniya zai duba.

Yaya ya buɗe. Suna jere cikin leda, kowace da ɗakinta, kamar ƙwai. Zobe. Ramuka uku. A jikin kwalin an zana wani mai tabarau da farar riga, an rubuta da manyan baƙaƙe: HULAR FARFESA.

Na ji kamar ƙasa ta tsage.

Dillali ya dube ni, ya dubi kwalin, ya sake dubana. Ya ce, “Kai! Ai kai ne! Mai butar nan mai juna biyu! Wallahi matata ba za ta yarda ba, tsaya mu yi hoto. Ashe a nan ka ɓuya. Injiniya, ka yi dace da maigida.”

Na ce, “Alhaji, ba ni na yi ta ba. Ga mai ita nan. Shekara huɗu ya yi a kanta.”

Ya fashe da dariya ya dafa kafaɗata. “Ka ji shi ko! Ko fuska ba ya saki. Wannan yaro sai Allah.”

Na ce, “Wallahi tallahi da gaske nake.”

Ya ce, “Har da rantsuwa!” Ya ƙara dariya har yana tari.

Yaya bai ɗago ba. Ya sa gilashin ƙara girma a ido yana juya ɗaya a kan yatsa. Na jira ya ce aikin banza ne, ko ya watsa masa kwalin a titi. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, “Sun iya aiki. Bakin ne kawai suka bari da kaifi, shi ya hana ta zama. Kuma in ta shiga haka za ta iya yankar mutum. Ka gaya wa asibitin kada su taɓa ko ɗaya sai an gyara an gwada.”

Dillali ya ce, “To za ka gyara?”

Na ce a raina, ka ce a'a. Yaya, don Allah ka ce a'a.

Ya ce, “Cikin mutane za ta shiga. Bar su.”

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kwana biyu yana goge bakin hulunan wani, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan zarton da ya ƙera tasa da shi. A teburin gaba yake yi, kwalin na kallonsa da fuskata.

Jiya hasken ya yi masa kaɗan, na ɗauko fitila na tsaya a kansa ba tare da ya ce ba. Na riƙe har hannuna ya sage. Can ya ce, “Ɗan karkato.” Na karkato. Wani barkwanci ya zo min har bakin leɓe, mai kyau kuwa, a kan tumbin dillali. Na haɗiye shi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na koma farkon kundin nan na karanta. Wanda ya fara shi ya ce likitoci na bin layi a ƙofarsa. To ga gyara, tunda a nan ne kaɗai zan faɗa ba a yi dariya ba.

Babu wani Farfesa. Wanda ya rubuta wannan tun daga layin farko Auta ne, mai shara a shagon yayansa, wanda bai san abin da ke ɗumama zoben ba har yau, ya dai iya faɗa. Hular da ke hana idon kyamara hazo, yayana ne ya ƙirƙire ta, shi kaɗai, a ɗakin ciki. An ba shi zaɓi tsakanin sunansa da nawa, ya bar nasa.

Yana kira. Dillali ya zo ɗaukar kaya, ni zan kai masa kwalin mota.